Goron da Inna Ta Ba Mai Tuta

Mu mutanen Tambuwal ba a taɓa shimfiɗa mana dogo ba. A zamanin Turawa, mai son ganin jirgin ƙasa sai ya ɗaura wa jaki mangala ya nausa Gusau. Sau ɗaya na gan shi, kuma har yau ban huce ba.

Ƙanena, autanmu, shi ya tashi zai tafi aikin kuza a Jos. Innarmu mutuniyar Kebbe ce, a wurinta na gaji taurin kai. Ta ce ba da yawunta ba. Ya durƙusa ya nemi gafara, ta kau da kai. Amma ranar da ayarin masu fatu da gyaɗa ya tashi zuwa Gusau, sai ga ta da ƙullin dakakken gero, wai rakiya za ta yi. Ni ma na bi su. A hanya ta raɗa mini cewa tun a gida ta yafe masa, sai dai ba za ta furta ba sai ya ɗaga ƙafa zai hau jirgi, don ya ji a jikinsa. Haka ake yi a wurinmu, madugu ba ya kaɗa ayari sai kowa ya gama sallama da nasa.

Tashar ta ruɗa mu. Ga buhunan gyaɗa jibge, ana ɗora su kan sikeli, ga taga inda akawu ke yankar tikiti, ga ɗakin waya yana ta ƙas-ƙas. Ruwa ma daga ƙarfe yake fitowa, ba guga ba igiya. Jirgin na tsaye yana huci kamar sa.

Azahar ta yi. Inna ta duba ta ga wani mai hula da tuta yana ba da umarni, ta ce wannan shi ne madugu. Ta gaishe shi, ta miƙa masa goro, ta roƙe shi ya dakata ta yi salla. Mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Ya karɓa, ya yi dariya, ya gyaɗa kai. A garinmu wanda ya karɓi goronka ya karɓi maganarka, saboda haka ta tafi bayan rumbun kaya hankalinta kwance.

Ta kabbara ke nan aka kaɗa ƙararrawa. Jama'a suka tura ƙanena cikin jirgin. Ya leƙo ta taga yana kiran Inna, na sheƙa wurinta, na same ta a ruku'u. Tana jin muryarsa, amma ba ta yanke salla ba. Kafin ta sallame, hayaƙi kawai ya rage.

Ta daɗe tana kallon dogon. Sannan ta ce, "Ai ya amshi gorona."

Bayan damina wani mutumin Jabo ya kawo mana rigar ƙanena, ya ce sanyin Jos ne ya kama masa ƙirji. Inna ta tambaye shi ko ya bar magana. Mutumin, don rashin dabara, ya faɗi gaskiya: har ya cika yana cewa Inna na fushi da shi.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Amma daga ranar, duk wanda zai fita gidanmu, ko rijiya za shi, kafin ya sa takalmi sai ta ce, "Na yahe maka, na yahe maka duniya da lahira." Jikoki suna ta yi mata dariya, suna cewa ai gishiri kawai aka aike su saye.