Kaza ta riga ni shiga kasko

Ranar da sanyi ya fara, na je ɗauko kaskon wuta da asuba, sai na iske kazar Innata kwance ciki bisa ƙwai tara.

Kaskon nan tun da kaka na liƙe tsagarshi da yumɓu, na ɗauko buhun gawayi daga Garou, har ina yi wa maƙwabcina dariyar rashin shiri.

Na ce, "Inna, sanyin kogi zai kashe mu."

Ta ce, "Kai kana da bargo. Ita mi gare ta? Bari ta ƙyanƙyashe."

Na je kasuwa, kasake sun ƙare.

Yau kwana goma ina jin ɗumi gidan maƙwabcin nan, da gawayina. Ku wa ya mori shirinku bana?