Ranar da Aka Daina Yi wa Malam Ɗantani Kara

Duk wanda ya saba bi ta marinar Ƙofar Mata ya san Malam Ɗantani, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan dogo mai ɗan ranƙwafo, wanda hannuwansa suka rine shuɗi tun daga farce har gwiwar hannu, ba sabulun da zai fitar. A Yakasai aka haife shi, a gidan da har yau yake kwana, kuma yana ɗan shekara tara ubansa ya damƙa masa muciya ya ce ya motsa shuni. A lokacin duk ramukan marinar a cike suke. Yanzu ramukan da ke aiki sai ka ƙirga su da yatsu, sauran kuwa ƙasa da leda sun cike su. Idan ka tambaye shi ya sana'a, sai ya ce, "To, muna nan dai," ya ci gaba da motsa ruwansa.

Amma ba rini ne ya fitar da sunansa ba, wasan ces ne, wanda wasu ke kira darar Turawa. Wani malamin makaranta ɗan Indiya ne ya koya masa, tun yana saurayi. Mutumin yakan kawo yadi a rina masa, shi kuwa rini ba ya son gaggawa: ka tsoma, ka ɗaga ya sha iska, ka sake tsomawa, haka har rana ta karkata. Da jira ya ishi malamin sai ya riƙa zuwa da allon wasansa. Ba a shekara ba Ɗantani ya fara cin malaminsa, kuma da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa allon da 'ya'yansa duka. Baƙaƙen sun koɗe saboda yawan taɓawa, don haka ya jefa su a ramin shuni suka kwana uku. Tun daga ranar da shuɗɗan nan yake wasa, farare kuma na baƙo ne. Shi ya raɗa musu sunayen da ake kiran su da su a rumfarsa har gobe: sarki, sarauniya, doki, waziri, soro da dakaru.

Ya je gasa Kaduna, ya je Jos, har Legas ya taɓa zuwa a jirgin ƙasa. Kofin da ya ciyo a Kaduna, marigayiya matarsa Uwani ta mayar da shi wajen ajiye allura da maɓallai, bai kuwa taɓa ce mata uffan ba. Kullum bayan la'asar, in ya wanke hannu, sai ya shimfiɗa tabarma a rumfar da ke gefen raminsa, ya jera 'ya'yan wasa, masu so su zo.

Idan ka shiga rumfar nan, abin da za a fara faɗa maka shi ne shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da a ci Malam Ɗantani. Da alfahari suke faɗa. Shi kuwa duk lokacin da ya ji, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a wuya, don ya san ƙarya ce. Kara ake yi masa.

Abin ya fara ne shekarar da gemunsa ya gama fari, yanar ido kuma ta fara rufe masa idon hagu. Mikail ne ya fara, wani malamin lissafi da shi Malam Ɗantanin ya koya wa wasa tun yana ɗan firamare. Mikail da ke lallasa 'yan Abuja ta waya, wai shi ne ranar nan ya ajiye dokinsa a bakin dakare, ya dafe kai ya ce, "Af! Ban gani ba, Baba." Ban gani ba! Daga nan kowa ya ɗauka. Wannan ya manta da soronsa, wancan ya saki sarauniya, a tashi ana cewa, "Kai, Baba sai a hankali."

Ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce su ji tsoron Allah su yi wasa da shi tsakani da Allah. Su ce, "Haba Baba, mu su wa?" Ba kuma za ka ga laifinsu sosai ba, haka aka rene mu duka: ba a kunyata dattijo a gaban jama'a. Sai dai ba wanda ya tsaya ya tambayi dattijon ko yana so. A hankali ya daina tunani a kan allo, don tunanin me zai yi? Yakan tura 'ya'yan wasa kawai, ya jira kyautar da za a miƙo masa, ya karɓa, a tafa, ya naɗe tabarmarsa. Wasan da ya fi so a duniya ya koma masa kamar zaman gaisuwa.

Da likita ya gaya masa cewa idon hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana bin sawu, bai damu da rini ba, hannunsa ya san aikin ko a rufe. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Yana so, kafin allon nan ya ɓace masa, ya yi wasa ɗaya tak na gaskiya, ya san ko har yanzu akwai sauran ɗan wasa a jikinsa ko tuntuni ya mutu ana ta tafa wa gawarsa. Wa zai gaya wa wannan? Uwani ce mai jin irin wannan magana, ita kuwa ta riga shi.

Wata Asabar bayan la'asar Mikail ya zo da wata yarinya cikin farin hijabi, 'yar shekara goma sha ɗaya, siririya, ba ta kai kafaɗarsa ba. Ya ce sunanta Bahijja, ɗalibarsa ce, jikar Hajiya 'Yardada mai sayar da daddawa a Yakasai. A wayar yayanta ta koyi wasa, kuma a makaranta ba mai iya tsayawa gabanta, har shi. Yarinyar ta durƙusa ta gaida Malam Ɗantani, ta zauna a gefen farare, ta kafa wa allo ido.

Ba a yi taku bakwai ba ta ɗauke dokin da ke kare sarauniyarta, ta ci wani ɗan dakare da shi, ta bar sarauniya tsirara a gaban wazirinsa. Malam Ɗantani ya ji zuciyarsa ta yi nauyi. Wato ita ma an karanta mata tun a hanya. Yarinya ƙarama, an riga an koya mata munafunci. Ya ɗago ya harari Mikail, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya sa hannu ya ɗauke sarauniyar ba tare da ya ko dubi sauran allon ba. So yake a gama ya tafi masallaci.

Bahijja ta turo wazirinta ya ci dakaren da ke gefen sarkinsa. "Cek, Baba," ta ce, da 'yar muryarta, wato ta kai wa sarkinsa hari. Gida ɗaya ne sarki zai iya shiga, ya matsar da shi. Sai ɗaya dokin nata ya yi tsalle ya dira tsakiyar allo.

Malam Ɗantani ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo. Bayan sarki sarauniyarsa ce da wazirinsa suka tare hanya, gefe dakarensa, sauran gidajen kuma yarinyar ta riƙe su. Sarki ya mutu. Kuma abin takaici, tarkon nan tsoho ne, shi da bakinsa ya koya wa Mikail shi shekara ashirin da suka wuce. Da ya tsaya ya duba na minti ɗaya da ya gani. Ya ɗauka kara ce, ashe ƙugiya ce.

Wani mai bugun yadi daga baya ya ce, "A sake, a sake, Baba bai shirya ba." Mikail kuwa gumi ya keto masa. Sai suka ji dattijo ya fashe da dariya, har da tari, har da hawaye, dariyar da rabonsu da ji tun Uwani na da rai. Ya ce, "Ke 'yar nan, gobe ki dawo. Yau ban yi wasa ba, barci nake. Gobe za ki gamu da ni."

Kafin gari ya waye magana ta zaga Yakasai, wai jikar 'Yardada ta je har marina ta tozarta Malam Ɗantani a gaban mutane. Washegari da la'asar sai ga Hajiya 'Yardada da kanta, tana dogara sanda, ta taso yarinyar a gaba, da goro ƙunshe a ganye. Ta ce, "Malam, na kawo ta ta ba ka haƙuri. Yaran zamani ne, waya ta cire musu kunya. Ke, durƙusa!" Bahijja ta durƙusa, idanunta sun kumbura, da gani ta sha faɗa.

Malam Ɗantani ya rantse wa tsohuwar cewa yarinya ba ta yi laifi ba, ya roƙa a bar ta su yi wasa ɗaya. Hajiya ta zauna a kan wani turmin bugu, ta watsa wa jikarta wani kallo, ta ce, "To, ki dai yi hankali."

Suka fara. Rabonsa da ya zauna haka, yana auna kowane taku, har ya manta. Kansa ya ɗau zafi, ya ji daɗin zafin. Ana cikin haka Bahijja ta ɗauki soronta ta ajiye a inda dokinsa zai ci shi a banza, ta sunkuyar da kai.

Wannan karon bai taɓa ba. Ya matso da idon nan guda mai sauran gani, ya bi allo gida-gida yana neman ƙugiyar. In na ci, me za ta yi? Ya lissafa ta nan, ya lissafa ta can. Ya fi minti goma yana nema, yana roƙon Allah a ransa ya sa akwai. Babu. Ba tarko, ba komai, kyauta ce irin wadda ya shekara goma sha ɗaya yana karɓa. Ya ɗago ya ga hawaye na ɗiga a kan hijabin yarinyar. Wallahi gajiyar da ta sauko masa a lokacin, ko ranar da ya dawo daga binne Uwani bai ji irinta ba.

Ya sa shuɗɗan yatsunsa ya ɗauki soron, ya mayar mata da shi inda yake. Sannan ya juya wajen tsohuwar.

"Hajiya, kin san ni tun muna yara, kin san ban iya roƙo ba. Shekara goma sha ɗaya mutanen nan suna girmama ni, ko sau ɗaya ban yi wasa ba. Idona saura ƙiris. Jikarki ce kaɗai ta ɗauke ni mutum jiya. Don Allah kada ki ƙwace min ita."

Mikail ya dubi ƙasa, sauran ma kowa ya nemi wajen kallo. Hajiya 'Yardada ta daɗe tana murza carbinta. Can ta zunguri jikarta da sanda ta ce, "To ke, me kike jira? Share hawayenki ki ci shi."

Sun kai har gab da magariba. Ya kare, ya kai hari, sau biyu ya sa yarinyar ta ciji yatsa. Amma ta fi shi sauri, ta fi shi ido, kuma a taku na hamsin da wani abu ta rutsa sarkinsa a lungu. Ya kwantar da sarkin da hannunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau na yi wasa."

Shekara biyu ke nan da wannan. Yanzu Malam Ɗantani ba ya ganin allo sam, ramin ma ɗan ƙanensa ne ke motsawa, shi yana zaune yana jin ƙanshin shuni yana gyara masa. Kowace Asabar bayan la'asar Bahijja takan zo, ta faɗi takunta da baki, shi kuma ya lalubi 'ya'yansa da yatsu. Cin sa take yi, mako bayan mako, ba sassauci, yana mita yana cewa yarinyar nan ba ta da tausayi. Sau ɗaya ya ci ta, da azumin bara. Ya kuma san cin gaske ne, don ta tashi fuu ko sallama babu, Asabar ta gaba ma da ta zo gaisuwar da ƙyar ta fito. In ka zauna a rumfar, labarin wannan fushin nata zai fara ba ka, kafin na kofin Kaduna.