Motar da Baba Ya Ƙi Saki

Shekara talatin da ɗaya babana ya yi yana ba da hannu a mahaɗar titi, har direbobi suka sa masa suna Birki. Idan ya ɗaga hannun dama, ko mai keke sai ya sauke ƙafa. A gida ma bai bar mu ba. In muka yi karo a ƙofar kicin, shi ke faɗin wanda zai fara wucewa.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, sai ya tafi da hannun daman nan. Magana ta dawo da wuri, abin da Mama ta ce ba shi ta roƙa da farko ba. Hannu kuwa ya kwanta a cinya kamar tsumma. Likitar gashin ƙashi ta ce in bai motsa shi cikin watannin nan ba, zai iya sandarewa ke nan. Tsoro ya kama ni sosai.

Asibiti suka ba mu aron wata ƙaramar kyamara da ake ɗorawa a kan talabijin. Tana ganin motsin hannu, ta mayar da shi wasa. Wasan farko tsinkar mangwaro ne.

"Ni za a mayar ɓarawon mangwaro da furfurata?" in ji Baba, ya juya wa talabijin ƙeya. Sati uku muna lallashi, ko gezau.

Da likitar ta ji aikin da ya yi, sai ta sauya wasan. Yanzu agwagwa ce da 'ya'yanta za su tsallaka titi. Ka ɗaga hannu motoci su tsaya, ka sauke su wuce.

Ranar farko wata jar motar kaya ta bi ta kan agwagi goma sha huɗu a gaban idonsa. Baba bai ci abincin rana ba.

"A gabana?" ya yi ta faɗi. "A bakin aikina?"

Washegari ya sa na nemo farar safar hannunsa da usur. Kullum da hantsi falonmu ya koma titi, maƙwabta har leƙowa suke. Hannu ya soma barin cinya da taƙi ɗaya, ya kai ƙirji, jar motar kuma ba ta fasa ɓarna ba.

Ran wata Talata muna yanke farce ni da Mama, sai usur ya tashi. Hannun Baba na sama da kafaɗa, yana rawa, gumi na zuba. Jar motar ta tsaya cak. Agwagi suka tsallake lafiya, amma Baba ya ƙi sauke hannu.

"Baba, sun wuce," na ce. "Ka sake ta, makinka zai zube."

"Ya zube! Sai direban nan ya sauko ya yi min bayani."

Motoci suka yi layi a bayanta, talabijin na ta ƙara, maki ya koma sifili. Ni dariya ta kama ni, kafin in ankara ta juye kuka.

Mama ta ajiye reza ta matso kusa da shi. "Malam, ka gaji. Sauke haka nan."

Bai ko dube ta ba. "Wata biyar ina roƙon hannun nan ya tashi. Yau ya tashi ki ce in sauke?"