Karen da muka nema wa ɗanmu a Doha

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta da kwana ukun da na yi ina jiran amsar mutanenmu a kan maganar kare.

Lokacin muna zaune a unguwar Matar Qadeem, maigidana yana karatun digiri na uku. Ɗanmu mai shekara shida yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Ba ya magana, kuma ƙara na firgita shi. Da korona ta zo aka rufe makarantarsu, sai ya tsiri gudu. Wata rana da hantsi ina wanke-wanke ya buɗe ƙofa ya fice. A tsakiyar titi na same shi, ya toshe kunnuwa, motoci na kauce masa.

Malamarsa ce ta kawo shawarar horarren kare, wanda ake haɗa igiyarsa da ɗamarar yaro, in yaron ya zabura sai karen ya zauna ya ƙi motsi. Kuɗin ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Ta yaya zan dubi Hausawa 'yan uwana in ce su taimaka mu saka kare a gida?

Maigidana ya ce, "Maman yara, ki rubuta kawai. In sun zage mu, mun ji."

Na rubuta neman taimakon a zaurenmu na Hausawa na waya. Aka yi shiru. Washegari wata ta rubuto, "Kare kuma? Ku dai dage da addu'a." Na kasa cin abinci, ina ta duba waya, ina cewa da ma ban tona wa kaina asiri ba. Yanzu na san yawancinsu ba ƙyama ce ta hana su magana ba, kowa na jiran wani ya fara ne.

A rana ta uku wani dattijo mai aikin gadi a unguwar West Bay ya kira ni. Ban taɓa ganinsa ba.

"'Yata, a ƙauyenmu kare ke tsaron awaki, balle ɗan mutum. Khalas, ya isa haka, ki daina kuka. Ni zan fara."

Bayansa direbobi suka shigo, ɗalibai suka biyo, har wadda ta ce mu dage da addu'a ta aiko da nata. Sai da muka shafe fiye da shekara kafin abin ya haɗu, kullum ina fargabar kada yaron ya sake ficewa kafin nan.

Karen ya iso ana dab da fara gasar kofin duniya, gari ya cika da baƙi. Fitarmu ta farko, kusa da tashar jirgin ƙasa, wasu 'yan kallo suka busa ƙaho. Yaron ya fizge hannunsa ya nufi titi. Karen ya zauna daram. Ɗana ya ja, ya sake ja, sannan ya dawo ya kifa fuskarsa a wuyan karen. Ni ma a gefen hanyar na durƙusa kusa da su.

Abin ya koya mini kada in yanke wa mutane hukunci kafin in tambaye su. Saura kaɗan tsoron bakinsu ya sa in bar ɗana cikin haɗari, alhali su ne suka tsare mini shi.