Baƙin Mai da Kaskon Kajin Inna

Babur ɗin Baba ya girme ni, ya girmi Yayana, kuma in za a bi ta bakin Inna, da kaɗan aurensu ya girme shi. Ja ne a da. Yanzu launinsa sai dai a ce launin babur ɗin Baba. Duk unguwarmu a Tambuwal an san kukansa. Tun yana kwanar masallaci muke janye tabarma daga zaure.

Abin da Baba ya fi alfahari da shi, wai ya san baƙin mai da yatsa. Zai ɗiga a babban yatsa, ya murza, ya kai hanci, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya yanke hukunci. Gaskiyar magana kuwa, bai taɓa sayen man da hannunsa ba. Wani tsohon bakanike ne a Dogon Daji ke yi masa juye, ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Shi dai Baba yana kan benci ana hira, in an gama a ɗaura masa fankon galan a bayan babur ya taho gida.

Shekarar da na gama sakandare bakaniken ya rasu. Da lokacin juye ya yi, Baba ya tafi shago da kansa ya zaɓo galan mai ruwan gwal, wanda ya fi kowanne sheƙi. Man ciki tsararo ne kamar man gyaɗa. Ya murza, ya shinshina, ya ce wannan shi ne mai. Bai yi mako ba babur ya fara hayaƙi shuɗi har kajin Inna suna tserewa, yana kuma barin ɗigo duk inda ya tsaya. Ƙarshe ya mutu a hanyar Sanyinna da tsakar rana, wasu Fulani masu kiwo suka taya Baba tura shi zuwa bakin titi.

Yaya ya zo daga Sakkwato ransa a ɓace. Ya ce dattijo kamar Baba ba zai riƙa tura ƙarfe a rana ba. Inna ce ta fi kowa ɗaga murya, ta ce hannunta ya gaji da wanke baƙin mai a bakin riguna. A lokacin ana shirin suna a gidan Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Fakku, can ƙasar Kebbe. Aka yi sharaɗi a gabanmu duka: in babur ya kai shi Fakku ya dawo, shi ke nan, in ya mutu a hanya, a sayar wa 'yan gwangwan, Baba ya koma shiga motar haya. Baba ya amince da babbar murya, amma ranar ko rabin tuwonsa bai ci ba.

Ni aka ɗora wa nemo mai, don shi ba zai koma shago a ji ya yi kuskure ba. Na tambaye shi wane iri. Ya ce irin na da. Na ce na da ɗin wane ne? Ya ce mai kyau. Na je na kawo wani, ya leƙa galan ɗin, ya ce ba shi ba ne. Na mayar, na kawo wani, ya ce wannan kamar shi ne, kuma kamar ba shi ba. Ni ba ni da haƙurin irin wannan.

"Baba, ka ce ba ka sani ba mana, mu huta."

"Ke ɗiyar ga! Ni da nika hawan babur tun ba a yi tunanin haihuwarki ba?"

Na ce hawa daban, zuba mai daban. Ya ce in tashi in ba shi wuri, makarantar boko ba ta koya mini komai ba sai baki.

Ina shiga cikin gida Inna ta yafito ni bayan ɗaki. Ta sunkuya wurin akurki, ta ɗauko kaskon da kaji ke shan ruwa, ta zubar, ta miƙo mini. Rabin galan ne. Ashe duk fankon da Baba ke kawowa ita ke yanke shi da wuƙa ta zuba wa kaji ruwa. Na juya shi, ga sauran takarda a jiki, ta koɗe, amma ana ganin lambar man, ashirin da hamsin.

"Kai ma mai shago wanga, ki ce irinai kika so. Kuma kar in ji a bakin Babanki."

Na ce ba ita ce ke son a sayar ba? Ta harare ni.

"In an sayar, ina shika zuwa? Nan za shi wuni bisa kaina, shina ƙirga min gishirin miya. Ranar da anka yi ruwa bai fita ba, ba ki ga abin da munka sha ba?"

Haka na ratsa titi da kaskon kaji a ƙarƙashin hijabi, yana ɗigar mini a zane. Mai shagon ya karɓa da yatsu biyu, ya kankare kashin kaji da farce, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce wancan mai ruwan gwal na sababbin motoci ne. Tsohon inji ya riga ya saki, in an ba shi tsararon mai sai ya zurare ta ko'ina, saura ya ƙone ya zama hayaƙi, ya kashe fulogi. Mai kauri yake so, wanda zai zauna a jikinsa. Ya ce a haɗa da sabon fulogi, kuma a gaida kaji.

Baba ya ɗiga, ya murza, ya kai hanci, ya daɗe ido a lumshe. Ya ce wannan ne abin da yake ta faɗa mini tun farko, da ina saurare. Na buɗe baki, Inna ta yi tari daga madafa, na rufe.

Aka yi juye, aka sa sabon fulogin, ranar suna ya sa farar riga ya tafi. Inna ta wuni tana cewa ai ta san a mota za a dawo da shi, amma sau nawa ina kama ta ta dakata da daka, kunne a waje. Bayan la'asar muka ji kukan daga kwanar masallaci. Ya shigo da ƙullin naman suna a baya, da tabon mai ɗaya a bakin riga. Inna ta duba tabon, ta yi mita son ranta. Shi kuma ya kira Yaya a waya ya yi masa dogon bayani kan yadda ake gane mai da yatsa.

Washegari na ga Inna da wuƙa tana yanka sabon fankon. Ta auna da kyau, ta bar ɓangaren da lambar take, ta cika shi da ruwa ta tura wa kaji.