Taku Ɗaya da Cleotis Ya Gani

Shekara ashirin da shida muka yi ni da Cleotis Merriweather muna riƙon sarƙar awo ɗaya a filin ƙwallon Amurka na sakandaren garinmu, shi a wancan ƙarshen, ni a wannan, yadi goma tsakaninmu. Aikin ba mai wuya ba ne. Duk yammacin Juma'a a lokacin cirar auduga mukan tsaya a bakin layi da sandunanmu. Idan yara suka ci yadi goma da ƙwallon mu matsa gaba, idan gardama ta tashi alƙalin wasa ya kira mu tsakiyar fili mu auna. Ba a biyanmu, sai dai a miƙo mana burodi da nama da lemo a hutun rabin lokaci, shi ma sai in matar da ke sayarwa ta tashi da ƙafar dama.

Cleotis ya yi shekara talatin da ɗaya a injin gurzar auduga, can ya baro kunnensa na hagu. Ina jin shi ya sa idonsa ya yi kaifi. Kowa a filin nan ƙwallo yake kallo, shi kuwa ƙafafun yara. Zai tsaya kamar an dasa shi, hula har gira, wasa ya ƙare bai ce uffan ba, sai muna naɗe sarƙa ya ce, "Wancan mai lamba tara zai yi nisa. Wannan ƙaton da kuke wa ihu a nan zai tsufa." Kuma haka ake yi. Akwai matar da ta yi shekara biyu ba ta gaishe shi a coci saboda ya gaya mata gaskiya a kan ɗanta. Bai damu ba, shi dai yana gaishe ta. Har masu neman 'yan wasa daga jami'o'i sun san shi. Sukan bar wurin zamansu su zo su tsaya ta ɓangaren kunnensa mai ji.

Keondre jikansa ne, ɗan 'yarsa Renita, a gidan Cleotis da matarsa Odessa ya tashi. Tun yana ƙarami suke tsokanar juna, shi ya ce da kakan tsoho, kakan ya ce da shi malalaci. Yaron ya fito da gudu kamar barewa, wata babbar jami'a a arewacin jiharmu ta ɗauke shi, karatu da abinci da wurin kwana duk kyauta muddin yana buga mata wasa. Ɗan baya ne. Aikinsa ya manne wa ɗan gaban abokan hamayya ya hana shi cafe ƙwallo, kuma mai wannan aiki da baya yake fara gudu yana fuskantar mutuminsa, sannan ya juya ya bi shi.

A juyin nan matsalar take. Muna dawowa daga kallon wani wasansa a shekararsa ta biyu, ina tuƙi, Cleotis ya ce, "Booker, ka lura da yaron nan in zai juya hagu?"

Na ce ni na ga ya tare ƙwallo biyu, jama'a na kiran sunansa.

"Taku ɗaya yake ƙarawa. Dama lafiya lau, hagu sai ya taka sau biyu kafin ƙugunsa ya biyo. A jami'a gudunsa na rufa masa asiri. A wurin ƙwararru kowa na da irin gudunsa, kafin ya juya an bar shi a baya. Yana buƙatar duk shekarunsa huɗu a hannun kocin nan."

Haka ya faɗa, da kunnena na ji, muna daidai gadar da ke kafin gari.

Renita ce ta kawo abin, da kyakkyawar niyya. A ranar girmama iyaye maza ta biya wa Cleotis wata uku a wani shafin labarin wasanni na intanet, irin wanda ba a buɗe maka sai ka biya, inda wasu masana ke jera sunayen 'yan wasan jami'a daga na ɗaya zuwa na ɗari uku, su ce wane za a ɗauka a zagaye na nawa idan manyan kulob-kulob suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa a watan Afrilu. Wata ukun suka ƙare, Cleotis ya ci gaba da biya daga aljihunsa, dala goma sha biyu duk wata. Mutumin da ke juya ambulan ya yi rubutu a bayansa don kada ya sayi takarda.

Ba zan ce shafin banza ne ba. Akwai aiki a ciki. Mutanen suna da tsawon hannun kowane yaro, da nauyinsa, da daƙiƙa nawa yake cinye yadi arba'in. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda ya canza mini aboki. Duk Talata sai ya tafi laburare a buga masa shafukan, ya zo da su shagon aski ya shimfiɗa a kan cinya yana karanta wa jama'a. Da, in an gan shi cewa ake, "Mista Cleotis, me ka gani?" Aka koma cewa, "Mista Cleotis, me suka ce?" Shi kuma daɗi yake ji. Mun saba jin gani ya kori ji, a wurinsa sai ji ya kori gani.

Na taɓa ce masa, "Wannan mai farin haƙora a hoto da ya rubuta, ya taɓa tsayawa a bakin layi ruwa na dukansa?"

"Kai baƙin ciki ne ke damunka," in ji shi. "Mutanen nan da na'ura suke aiki. In da shirme suke rubutawa, wa zai biya? Naka surutun da yake kyauta ne wa ya saya?"

A watan Nuwamba na shekarar Keondre ta uku sunansa ya bayyana a jerin, na tamanin da bakwai, an rubuta zagaye na uku a gefensa. Cleotis ya sa aka buga masa kwafi biyar. Ɗaya ya manna a jikin firij, ɗaya a shagon aski, ɗaya Odessa ta tsinta a cikin littafin waƙoƙin cocinsa ta yi masa faɗa. Daga ranar ban sake jin maganar taku ɗaya a bakinsa ba.

Dokar kuwa kowa a garinmu ya san ta. Ɗan wasan da ya yi shekara uku yana iya barin jami'a ya sa sunansa cikin zaɓe. Amma da zarar wa'adin tsakiyar Janairu ya wuce, bakin alƙalami ya bushe. A ɗauke shi ko kada a ɗauke shi, ba shi ba sake buga wa jami'a, karatun kyauta kuma ya tafi ke nan.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika Keondre ya tuƙo mota ya zo gida. Da hantsi ne, muna bayan gidan Cleotis muna fama da injin yankan ciyawarsa da ya ƙi tashi. Yaron ya gaishe ni, ya jawo bokiti ya kife ya zauna.

"Tsoho, har yanzu wannan gwangwanin kake lallaɓawa? Ai ya girme ni."

"Ya kuma fi ka aiki, malalaci. Me ya kawo ka tsakiyar mako?"

Keondre ya ce, "Koci ya ce in ƙara shekara. Wakilin 'yan wasan da ke nemana ya ce in fita yanzu, wai in na ji ciwo baɗi shi ke nan. Mama ta ce duk abin da na zaɓa. Kaka, kai me ka gani?"

Na ajiye sifanar da nake kwance injin da ita na dubi Cleotis. Na san fuskarsa fiye da yadda na san tawa, kuma na ga maganar ta zo masa har baki. Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa. Sannan ya shiga kicin ya ɓamɓaro takardar nan daga jikin firij ya kawo.

"Ga abin da masana suka ce. Na tamanin da bakwai a duk ƙasar nan. Wa zai yi musu da wannan?"

Keondre ya karɓi takardar, bai ma karanta ba, kakansa yake kallo. Can ya ce, "To shi ke nan." Ya ci abincin Odessa, ya koma, washegari ya sa hannu.

Ni ma ina da baki a wurin, ban yi amfani da shi ba. Na ce a raina ba jikana ba ne. Har gobe abin yana cina.

Zaɓen kwana uku ake yi, zagaye bakwai. Al'adarmu, duk gidan da ke da yaro a ciki yakan tara jama'a a jira kiran waya tare. Tunda takarda ta ce zagaye na uku, wanda ke faɗowa ranar Juma'a, Cleotis ya karɓi zauren coci na Juma'a. Aka soya tarwaɗa kwando uku, aka yi burodin masara da dafaffen ganye, shayi mai ƙanƙara kuwa har a bokiti. Rabin gari ya zo. Aka gama zagaye na uku ba a kira yaron ba. Fasto ya yi addu'a, ya ce gobe ma rana ce, mata suka rufe sauran kifin.

Ranar Asabar da tsakar rana aka ci gaba, a falon gidan Cleotis wannan karon, mu goma sha biyu. Keondre na zaune a tsakiyar doguwar kujera cikin kwat ɗin jiya, waya a kan gwiwarsa. Sunaye na wucewa a ƙasan talabijin. Aka ɗauki 'yan baya ɗaya bayan ɗaya, har da wani daga ƙaramar makarantar da ko sunanta ba mu taɓa ji ba. A zagaye na biyar wayar ta yi ƙara, falon ya yi tsit, ashe wani ɗan ajinsu ne ke tambaya ko an kira shi. A na shida baƙi suka fara tuna suna da abin yi a gida. Cleotis na tsaye a bakin ƙofa tun farko, ya ƙi zama. Sau biyu na ga ya duba shafin a wayarsa. Masu shafin sun riga sun sake jerin, sun mayar da yaron na ɗari biyu da sittin, da layi ɗaya a ƙasa: yana jinkirin juyawa hagu. Ba su ba kowa haƙuri ba, ba su kuma yi ƙarya ba. Sun dai makara ne da kusan shekara biyu.

Wajen ƙarfe shida aka kira suna na ƙarshe. Bayan nan wakilin ya bugo ya ce wani kulob zai ba Keondre gwaji na kwana uku a watan Mayu, ba alkawari, ba kwantiragi. Keondre ya yi godiya cikin ladabi. Ya rungumi mahaifiyarsa da ke kuka, ya cire kwat ɗin ya rataye a kujera, ya fita baya. Cleotis ya bi shi. Ni kuma ina tattara kujerun da muka aro daga coci a gefen gidan, ba laɓe na yi ba, amma na ji komai.

Suka tsaya a jikin shinge. Sannan Cleotis ya ce, "Keondre, akwai abin da ban gaya maka ba." Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar. "In za ka juya hagu, taku ɗaya kake ƙarawa. Na gani tun kana shekara ta biyu. Ranar da ka zo, abin da ya kamata in ce maka shi ne ka zauna ka ƙara shekara. Na so in ga an kira sunanka ina raye, na kuma ga takarda ta faɗi abin da nake so, sai na laɓe a bayanta."

Yaron bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da abin ya zo wa tsohon da sauƙi.

"Na san ka gani," in ji shi. "Koci ya sha gaya mini, na ce sai na ji daga bakinka tukun. Da ka ce in zauna, da na zauna."

"To me ya hana ka ce..."

"Kaka, shafin nan ni ma ina da shi a wayata. Duk 'yan ƙungiyarmu suna da shi, na karanta tun kafin ka karanta. Awa uku na yi ina tuƙi ranar nan. Ba takarda na zo tambaya ba."