Haƙorin da Ba Ya Famfara

Na sha shayi a Omdurman, na sha a Jidda da Agadas da Garwa, amma ban ga inda ake cika masa sukari kamar Njamena ba. Da na bar fataucin shanu na zauna gida a unguwar Amrigebe, safe da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in dafa nawa. Jikata, ƴar babban ɗana, shekararta shida a lokacin. Ita ke shanye ƙasan kofi, inda sukari ke kwanciya. Kofi uku nake sha a kowane zama, duk tana da rabo.

"Tsoho, ka rage mini da yawa, ko in fasa aurenka."

"Wa zai kwashe ki da wannan giɓin, amarya?"

Uwarta ce ta fara ganin baƙin ɗigo a haƙorinta na can ciki. Ta durƙusa ta faɗa mini. Na ce na nono ne, zai faɗi wani ya fito. Shekara arba'in ina buɗe bakin bijimi in faɗi shekarunsa, sai na ɗauka na san haƙori. Ba ta yi mini musu ba. Wata biyu maganata ta ɓata mana, har ranar da yarinyar ta kurɓi ruwan randa ta dafe kunci tana hawaye.

Ni na kai ta wani ƙaramin asibitin haƙori wajen Marjandafak. Likitar matashiya ce, da Larabcin gari muka yi magana. Kafin ta taɓa komai sai ta hau tambaya. Sau nawa yarinyar take shan zaƙi a yini? Wa ke goge mata baki, kuma da me? Iyayenta na fama da haƙori? Ina shirya amsa, jikata ta nuna ni da yatsa ta ƙirga mata kofunan duka shida.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta kira ni in leƙa.

"Baba Alhaji, wannan ba ya famfara. A bayan na nono yake fitowa, babu wanda ya faɗi ya ba shi wuri, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Da shi za ta tsufa."

Irinsa huɗu ne a bakinta. Ɗaya ya yi rami, saura kaɗan ya kai jijiya. Ta share shi ta cike. Sauran ukun ta liƙe musu ƴan kwarin da abinci ke maƙalewa, ta bi duk haƙoran ta shafa wani magani mai ƙara musu ƙarfi. Ta ce maimaita zaƙin a yini ya fi yawansa ɓarna. A haɗa shi da abinci sau ɗaya, a goge baki da buroshi da man haƙori safe da dare, babba na tsaye a kanta.

Da na hana ta ƙasan kofi, kwana uku jikata ba ta zo tabarmata ba. Na ji zafin haka fiye da yadda zan iya faɗa wa ƴaƴana.

Bayan wata shida muka koma. Likitar ta daɗe tana zagayawa da ɗan madubinta, ni kuwa na kasa zama. Can ta ɗago ta ce cikon ya riƙe, sauran ukun kuma ko ɗigo babu. Sai da na nemi benci na zauna kafin na iya yi mata godiya.